Tsakanin faifan La Dispute na 2008 da Stage Four: wanda zan ce ka saya

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Faya-fayan nan biyu da ka rasa wanda za ka ɗauka a cikinsu, wato Somewhere at the Bottom of the River Between Vega and Altair na ƙungiyar La Dispute da Stage Four na ƙungiyar Touché Amoré, duka suna ɗakina, kuma tun da ka ce kuɗin guda ɗaya ne a hannunka, shawarata ita ce ka sayi Stage Four.

Tushensu ɗaya ne, shi ya sa mutane ke yawan jera su tare. Salon kiɗan da duka biyun ke yi, wato fos-hadko (post-hardcore), ya tsiro ne daga kiɗan fank (punk) mai zafi na Amurka a shekarun 1980, musamman a birnin Washinton, inda ƙungiyoyi irin su Rites of Spring da Fugazi suka riƙe ƙarfin jita da ganga amma suka juya kalmomin zuwa ga abin da ke cin zuciyar mawaƙi. La Dispute da Touché Amoré suna cikin rukunin matasan da suka farfaɗo da wannan salo wajen shekarar 2010, kuma a wurin dukkansu muryar mawaƙi tana yawo ne tsakanin magana da kururuwa, kiɗa ya lafa har ka ji numfashi, sannan ya ɓarke. Inda suka rabu shi ne abin da kowannensu ya zuba a cikin wannan mazubi.

Faifan La Dispute ya fito a 2008 a ƙarƙashin kamfanin No Sleep, 'yan ƙungiyar kuwa mutanen Grand Rapids ne a jihar Mishigan. Sunansa ya samo asali daga tsohuwar tatsuniyar ƙasar Sin ta masaƙiya da makiyayi, masoya biyu da aka mayar taurari aka shata kogin sama a tsakaninsu, ba sa haɗuwa sai sau ɗaya a shekara. Waƙoƙi 13 ne a kan soyayyar da ta lalace, da cin amana, da auren da ya mutu, ɗaya daga cikinsu ma ta kai minti 12. Ba zan hana mawaƙinsu Jordan Dreyer haƙƙinsa ba, domin yadda yake furta baiti kamar mai karanta wasiƙa cikin kuka sabon abu ne a lokacin, kuma da yawa sun kwaikwaye shi daga baya. Sai dai ni kwalliyar kalmomin ta yi mini yawa, koguna da guguwa da sarakuna sun rufe mutanen da ake magana a kansu, kuma kukan yana farawa da ƙarfi tun daga waƙar farko ya ƙi sauka, har kunne ya gaji kafin a kai rabi. Sau huɗu ko biyar na saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, na mayar da shi kan kanta.

Stage Four kuwa ya fito a watan Satumba na 2016 a ƙarƙashin kamfanin Epitaph, kuma sunan yana ɗauke da ma'ana biyu: shi ne kundi na huɗu na wannan ƙungiya ta Los Anjalas, kuma mataki na huɗu shi ne matakin ƙarshe na ciwon sankara, cutar da ta ɗauke mahaifiyar mawaƙinsu Jeremy Bolm a 2014. Waƙoƙi 11 ne, tsawonsu duka bai fi rabin awa da 'yan mintuna ba, kuma babu ɗaya da ta kauce daga wannan rashi. Abin da ya sa nake ganin ya fi ɗan'uwansa sabunta shi ne Bolm bai ari tatsuniyar kowa ba. Ya ba da labarin cewa yana kan dandamali a wani bikin kiɗa a Gainesville ta jihar Fulorida a daren da ta cika, kuma wannan rashin kasancewa kusa da ita ya zame masa ƙaya a zuciya. A waƙar Palm Dreams yana tambayar abin da ya taso da ita daga Nebraska zuwa Kalifoniya tun tana matashiya, tambayar da bai yi mata ba tana raye, yanzu kuma babu mai amsa masa. Irin waɗannan ƙananan abubuwa, kwashe kayan mamaci daga gida, waƙoƙin da mutum ya daina iya saurara saboda suna tuna masa da asibiti, su ne ainihin yadda rashi yake zama da mutum bayan masu ta'aziyya sun watse.

Na san haka ne saboda ya same ni. Wani abokina ne da ya dawo daga karatu a Ingila ya kawo mini faifan tsaraba, na ajiye shi wata da watanni ban ba shi hankalina ba, har Allah Ya yi wa yayata rasuwa bayan ta daɗe tana jinyar irin wannan cuta. Akwai saƙonnin muryarta guda uku a wayata waɗanda na kasa buɗewa, na kuma kasa gogewa. Bayan an yi sadakar arba'in, ina tuƙi ni kaɗai daga Zariya zuwa Kaduna, na sa faifan a mota, sai na ji mawaƙin yana faɗin cewa shi ma akwai saƙon ƙarshe da mahaifiyarsa ta bar masa a waya wanda bai sami ƙarfin zuciyar saurara ba. Da aka zo waƙar ƙarshe, Skyscraper, wadda ya rera cikin sanyin murya tare da mawaƙiya Julien Baker, kiɗan ya yi ta hawa har ya ƙare, sai ga muryar mahaifiyar tasa a cikin saƙon waya, tana maganar yau da kullum kamar kowace uwa. Na gangara gefen titi na tsaya. A daren nan na buɗe saƙonnin yayata, na ji tana tambayata ko na ci abinci da kuma yaushe zan leƙo gida, na yi mata addu'a na kwanta da sauƙin da na daɗe ban ji ba.

Ta fuskar sauti ma bambancin a bayyane yake. A faifan La Dispute jita tana karkacewa, ganga tana sauya taki ba zato, komai yana nuna maka gwanintar matasa masu ɗokin a ji su. A Stage Four, wanda Brad Wood ya tsara ɗaukarsa, jitocin suna da haske da faɗi, wani lokaci har da daɗin da bai kamata a ce ya dace da makoki ba, amma wannan hasken ne yake sa kururuwar ta fi shiga jiki idan ta zo, kamar yadda hantsi mai kyau a ranar jana'iza yake ƙara wa mutum ciwo. A nan ne kuma Bolm, wanda aka sani da ihu, ya saki jiki ya rera wasu wurare da muryarsa ta asali, mai kauri da rauni, kuma waɗannan wuraren su ne na fi komawa gare su.

Abu guda ya kamata ka sani tun kafin ka biya. Mahaifiyarsa Kirista ce mai riƙo da addini, shi kuma yana cikin shakka, kuma a wasu waƙoƙin yana kokawa da wannan a fili, yana fata abin da ta yi imani da shi ya tabbata saboda ita, alhali shi zuciyarsa ba ta natsu ba. Ni da nake da yaƙini a kan ƙaddara da lahira ban bi shi can ba, na dai ji tausayin mutumin da rashi ya same shi ba shi da inda zai jingina. Idan kana ganin wannan zai dame ka, gara ka sani yanzu.

Sai maganar masu sayarwa, ko da yake ba ka tambaya ba. Kwafin La Dispute na farko da na saya daga wani mai talla a intanet ne, wanda ya rantse mini cewa na asali ne daga waje. Da ya iso sai na tarar faifai ne da aka kwafa a kwamfuta, bangon ya dushe, babu takardar baitoci a ciki, sautin kuma ya shaƙe kamar an ɗauko shi daga rediyo, mutumin kuwa ya daina ɗaga wayata. Dole na sake biyan kuɗi a wani wuri. Saboda haka kada ka tura ko sisi sai an nuna maka hoton ainihin kayan, gaba da baya, da lambar da aka zana a zoben tsakiyar faifan, ka gwada ta da wadda ke shafin Discogs, inda ake jera bugu-bugun kowane kundi. Ka yi hattara da masu cewa faifan garmaho mai launi ya ƙare a duniya don su ninka maka farashi, domin ana sake buga irin waɗannan kundaye, shi kansa na La Dispute an sake fitar da shi da gyararren sauti a 2018. Idan kuɗin aikowa daga waje ya fi ƙarfinka, ka sayi sautin kai tsaye daga shafin ƙungiyar a Bandcamp, dandalin sayar da kiɗa a intanet, ya fi maka jabun da za a kawo maka har gida.

Ka ɗauki Stage Four, ka saurare shi a jere daga waƙar farko zuwa ta 11 ba tare da tsallake ko ɗaya ba, da baitocin a gabanka saboda kururuwar tana haɗiye wasu kalmomi. In daga baya ka sami wani kuɗin kuma kana son jin La Dispute, ka fara da Wildlife na 2011, inda suka ajiye tatsuniya suka koma ba da labarin mutanen garinsu.