Sharhi kan hidimar binciken takardun fili kafin saye a Kano

Akwai wani ofishin lauyoyi a Kano da ke yi wa masu saye binciken takardun fili ko gida kafin kuɗi ya fita daga hannu, kuma bayan na yi hulɗa da su a kan wani fuloti a yankin Kumbotso, ina ganin duk mai juya dukiyarsa a harkar filaye ya kamata ya nemi irin wannan hidima.

Matakin farko shi ne duba fayil a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, domin a tabbatar da sunan da ke kan takardar shaidar mallaka, da ko an jinginar da filin a banki, da ko akwai bashin kuɗin ƙasa a kansa. Lauyan ya yi mini bayani dalla-dalla cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, shaidar mallaka yawanci ta shekara 99 ce, kuma sauya hannu ba ya cika sai da amincewar gwamna. Da yawa daga cikinmu muna tsayawa ne a takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, alhali ita kaɗai ba ta mayar da sunan mai saye kan fayil.

Inda suka fi burge ni shi ne ba su tsaya a ofis ba. Sun je wurin da safiyo, ya gwada duwatsun iyaka da abin da ke kan taswira, sannan da suka ji filin na gado ne, suka nemi takardar rabon gado daga kotu, suka bi magada ɗaya bayan ɗaya har da wata da ke aure a wani gari, wadda ba ta ma san an sa filin a kasuwa ba. Irin wannan haƙƙi na mata da marayu shi ne yake tasowa bayan mutum ya zuba bulo da rodi, ya kai gini linta, sai sammaci ya iso. Haka kuma sun duba tsarin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, abin da ya zama dole ga filayen awon igiya, waɗanda sau da yawa ake yanka su a kan titi ko magudanar ruwa, rusau ya biyo baya.

Hidimar tana da nata gazawa. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda suka yi alkawari, rahoton kuma da Turancin lauyoyi aka rubuta shi, sai da na koma aka warware mini shi da baki. Ba sa faɗin ko farashin ya dace, ko nawa wurin zai kawo na haya, kuma kuɗin aikinsu ba ya dawowa ko da ciniki ya watse.

A lokacin jiran nan dillali zai matsa da cewa ga wani da kuɗi a hannu, domin la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Shawarar lauyan, wadda na bi, ita ce kada a ba da kafin alƙalami sai an rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar da shi cif idan bincike ya gano matsala, kuma a biya ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda.