Gargaɗi: masu "zuba jari daga Dubai" da ke karɓar kuɗi kafin su bayar

Naira miliyan 4 da rabi. Abin da aka damfari wasu yara biyu masu ƙaramin kamfanin manhaja a Kano ke nan, da sunan za a zuba musu jarin dala 250,000 a karɓi kashi 10 cikin ɗari na kamfanin. Miliyan 4 da rabi, kuma rabinta rance ce daga wurin kawun ɗayansu.

Kada wani ya zo min nan da zancen kwaɗayi ne ya ja musu. Yaran nan ba sakarkaru ba ne. Kamfaninsu na da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lissafinsu a tsare yake. Mutumin da ya hau Zoom da su ya yi irin tambayoyin da mai zuba jari na gaskiya ke yi: nawa ke shigowa a wata, nawa kuke kashewa kafin ku samu kwastoma ɗaya, kuɗin da ke asusu zai kai ku wata nawa. Har ya kushe musu farashi, ya ce sun yi araha. Wane ɗan damfara ne ke tsayawa ya kushe maka farashi? Wannan kushewar ce ta sa suka saki jiki. Takardar sharuɗɗan da ya turo ma babu abin da ta rasa, har da kujerar masu jarin a hukumar daraktoci, da wanda za a fara biya idan an sayar da kamfanin.

Sau biyu suka tura kuɗin. Miliyan 2 da dubu 700 ita ce ta biyu, wai ta takardar shigo da jari da kuma shaidar cewa kuɗin ba na haram ba ne. Kafin ita akwai miliyan 1 da dubu 800 ta "binciken ƙwaƙwaf", da aka ce a tura wa wani ofishin lauyoyi da masu jarin suka zaɓa. Tun farko ma ta LinkedIn ya same su, daga baya ya janye hirar zuwa WhatsApp. Duka kuɗaɗen biyu asusun mutum ɗaya suka faɗa, ba na kamfani ba. Adireshin imel ɗinsa harafi ɗaya ne ya bambanta da na wani kamfanin jari na gaskiya. Harafi ɗaya!

Abin da ke ƙona min rai, kowace takarda da ya ambata akwai ta, juya tsarin kawai ya yi. Takardar shigo da jari, CCI, bankinka ne ke fitar da ita bayan dalar ta sauka a asusunka, ba kafin nan ba. Rajistar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kyauta ce. Kamfanin jari kuwa ba daga aljihunka yake cin abinci ba: masu kuɗin da suka ba shi amana su ke biyan sa, galibi kashi 2 cikin ɗari na kuɗin a shekara da kashi 20 na riba. Idan akwai kuɗin lauya, a rubuce yake cikin yarjejeniya, kuma ranar kammala ciniki ake cire shi daga jarin. Y Combinator, cibiyar Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni, na ba da dala 500,000 ba ta karɓar kuɗin fom. Gidauniyar Tony Elumelu na ba da dala 5,000, cike fom ɗinta ma kyauta ne. To wane ne shi da zai ce sai an biya shi miliyan 4 da rabi?

Da suka ce a cire kuɗin daga cikin dala 250,000 ɗin, sai ya ce dokar ƙasarsu ta hana. Bayan alat na biyu ya nemi na uku, wai haraji. Suka ce babu, lambar ta daina shiga. Kuma wallahi mutumin nan farashi ya kushe musu, har yana cewa su ƙara.

Hotunan hirar da rasit ɗin banki duk suna nan, zan ɗora su da zarar an rufe sunayen yaran. An shigar da ƙara.

In an ce ka biya kafin a zuba maka jari, kashe wayar. Nemi kamfanoni biyu da suka taɓa ba kuɗi, ka kira masu su da kanka, ba ta lambar da suka ba ka ba. In sun ce suna da ofis a Najeriya, duba sunansu a rajistar SEC, hukumar kula da hannayen jari. Wanda ya riga ya tura, ya je bankinsa yau a nemi toshe asusun, daga nan ya wuce EFCC.