Rokar Falcon Heavy a Ma'auni: Abin da Mai Kaya Yake Samu da Kuɗinsa

Duk wanda yake da tauraron ɗan Adam mai nauyi, ko kumbon bincike da yake so a kai masa wata duniya mai nisa, ba shi da masu dako da yawa da zai zaɓa a cikinsu, kuma a cikin 'yan kaɗan ɗin da ake da su, rokar Falcon Heavy ta kamfanin SpaceX na ƙasar Amurka ita ce aka fi ambato tun daga shekarar 2018. Na kalli yawancin tashinta kai tsaye ta intanet, na kuma bi labarin kwangilolin da aka ba ta, saboda haka zan auna ta a nan kamar yadda ake auna kowace haja, wato abin da aka yi alkawari, da abin da aka samu a zahiri, da kuɗin da ake biya, da kuma irin mai kayan da ya dace ya neme ta.

Ƙirarta ba ta da wuyar bayani. An jera ganguna uku na rokar Falcon 9 kafaɗa da kafaɗa, kowace ganga tana da injin Merlin guda 9, jimla injuna 27 ke nan da suke tashi tare, suna ƙona tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Tsawon rokar mita 70 ne, faɗinta ya ɗan haura mita 12, nauyinta kuwa idan an cika ta da mai ya kai wajen tan 1,420. Jim kaɗan bayan tashi gangar tsakiya takan rage wuta domin ta adana mai, gangunan gefe biyu su ɗauki yawancin aikin har zuwa kimanin minti biyu da rabi, sannan su rabu da ita, su juyo da kansu su sauka a tsaye a bakin tekun Florida. Gangar tsakiya takan ci gaba da tafiya, daga bisani ta miƙa aikin ga hawa na biyu mai inji ɗaya, wanda shi ne yake isar da kaya inda aka nufa.

Sauƙin bayanin ya yaudari masu ƙirar da kansu. A watan Afrilun 2011 Elon Musk, wanda ya kafa kamfanin a 2002, ya sanar da aikin a birnin Washington, ana sa ran tashin farko zuwa 2013, amma sai da aka ƙara shekara biyar a kan haka. Wani ɓangare na jinkirin ya samo asali ne daga haɗurra biyu da suka sami Falcon 9, ɗaya a sama a watan Yunin 2015, ɗaya a dandalin harbi a watan Satumban 2016, waɗanda suka janye hankalin injiniyoyi zuwa gyaran ƙaramar rokar. Babban dalilin kuwa shi ne gangar tsakiya ba za ta iya zama Falcon 9 ta yau da kullum ba, domin ƙarfin da gangunan gefe suke turo mata ta haƙarƙari ya tilasta a sake fasalinta a ƙara mata ƙwari, ga kuma matsalar girgiza da ƙarar injuna 27, da tsarin rabuwa wanda ba yadda za a gwada shi sosai a ƙasa. Musk da kansa ya amsa cewa aikin ya fi yadda suka zata wuya nesa ba kusa ba, kuma ya ce kamfanin ya kashe fiye da dala miliyan 500 daga aljihunsa. Wannan batu na aljihu yana da muhimmanci a ganina, domin manyan rokokin da aka sani kafin ita, tun daga Saturn V da ta kai mutane wata har zuwa na Tarayyar Sobiyet, da kuɗin gwamnati aka gina su, kuma wanda yake kashe kuɗinsa ba ya ƙira irin ta wanda yake kashe na baitulmali.

Ranar 6 ga Fabrairu 2018 ta tashi daga dandali mai lamba 39A a Cibiyar Kennedy da ke Florida, wurin da Apollo 11, kumbon da ya fara sauke mutane a wata, ya tashi a 1969. Masana tarihin wannan fanni sun shiga ranar da fargaba, domin rokar N1 ta Sobiyet mai injuna 30 ta tashi sau huɗu tsakanin 1969 da 1972 ba ta yi nasara ko sau ɗaya ba, har ya zama an ɗauka cewa tara injuna da yawa tara matsala ne. Falcon Heavy ta kawar da wannan zato, kuma saukar gangunan gefe biyu kusan a daƙiƙa ɗaya abin kallo ne da har yau ban daina jin nauyinsa ba. Jama'a sun fi riƙe jar motar Tesla da aka ɗora a matsayin kayan gwaji, amma abin da masu saye suka zuba wa ido daban ne: hawa na biyu ya yi kusan sa'a shida yana yawo a sama da injinsa a kashe, sannan ya sake kunnuwa. Sojojin Amurka suna buƙatar wannan iyawa domin a kai musu tauraro kai tsaye zuwa falakin (wato hanyar da tauraro yake bi yana kewaya duniya) da yake nisan kilomita kusan 36,000 daga doron ƙasa, inda tauraro yake tafiya daidai da juyawar duniya har ya zama kamar a tsaye yake. Gangar tsakiya dai ta faɗa teku a wannan rana, saboda sinadarin kunna injuna ya ƙare mata kafin ta sauka a kan jirgin ruwan da yake jiranta.

Abin da ya fi kyau a wannan haja shi ne amana. Daga 2018 zuwa ƙarshen 2024 ta tashi sau 11, kuma a dukkansu ta kai kaya inda mai kaya ya ce a kai. Kayan kasuwanci na farko shi ne tauraron Arabsat-6A na kamfanin sadarwa na Arabsat mai hedikwata a Riyad, a watan Afrilun 2019. Wata biyu bayan nan ta ɗauki taurari 24 a tashi ɗaya domin rundunar sojan saman Amurka, ta sauke su a falakai daban-daban, aikin da ya buƙaci a kunna injin hawa na biyu har sau huɗu. A 2023 kaɗai ta tashi sau biyar, ciki har da tauraron Jupiter 3 mai nauyin fiye da tan 9, da kumbon Psyche na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ya nufi wani dutsen sararin samaniya mai yawan ƙarfe a tsakanin duniyar Mars da Jupita. A sana'ar da kaya ɗaya kan cinye shekara goma ana haɗa shi, ba kuma a da na biyunsa a ajiye, babu abin da mai kaya yake nema sama da wannan tarihi.

Farashi shi ne abu na biyu, kuma a nan wajibi ne mai saye ya karanta da natsuwa. Kuɗin da kamfanin ya wallafa da farko dala miliyan 90 ne, ya koma miliyan 97 a 2022, amma wannan farashin tashi ne da ake sa ran dawo da ganguna. Musk ya taɓa cewa idan za a ƙone man duka a bar gangunan su faɗa teku kuɗin zai kai miliyan 150. Abin da NASA take biya a zahiri ya bambanta, domin kwangilolinta sun haɗa da ƙarin bincike da hidimomi: wajen miliyan 117 a kan Psyche, wajen miliyan 178 a kan Europa Clipper, kumbon binciken Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupita, sannan wajen miliyan 255 a kwangilar 2022 ta madubin hangen nesa na Nancy Grace Roman. Ko da haka, rokar Delta IV Heavy wadda ita ce babbar abokiyar gasarta har zuwa ritayarta a watan Afrilun 2024 tana cin kusan miliyan 350 ko fiye, alhali ƙarfin ɗaukarta zuwa falaki na kusa da duniya bai kai rabin na Falcon Heavy ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda kuɗin kwangilolin gwamnati ya riƙa hawa a daidai shekarun da abokan gasa suka yi ƙaranci, kodayake wannan hali ne na kowace kasuwa da mai haja ɗaya ya rage a cikinta.

Labarin Europa Clipper ya fi kowane misali nuna darajar rokar da kuma iyakarta. Majalisar dokokin Amurka ta daɗe tana shar'anta cewa sai da rokar gwamnati ta SLS za a harba wannan kumbo, daga baya ta sassauta, aka ba SpaceX aikin a 2021, kuma an ƙiyasta cewa sauyin ya rage wa gwamnati kusan dala biliyan 2. Ranar 14 ga Oktoba 2024 aka harba shi, mai nauyin wajen tan 6, kuma domin a samu gudun da ake buƙata sai da aka sadaukar da gangunan uku gaba ɗaya. Duk da wannan sadaukarwa rokar ba ta iya jefa shi kai tsaye zuwa Jupita ba. Dole ya ratsa ta gefen Mars a watan Maris 2025, ya dawo ta gefen duniyarmu a watan Disamban 2026 domin ya ari gudu daga ƙarfin jan duniyoyin biyu, sannan ya isa a watan Afrilun 2030, tafiyar shekara biyar da rabi, alhali da SLS ce da tafiyar ba ta kai shekara uku ba. An sayi sauƙin kuɗi da tsawon lokaci, kuma a ra'ayina cinikin ya yi kyau, amma ciniki ne mai ɓangare biyu. Tushen wannan iyaka yana hawa na biyu, wanda yake ƙona kananzir, man da ba ya ba da gudu kamar haidurojin idan an fita can nesa.

Akwai alƙaluman da ake yawan maimaitawa waɗanda ya kamata a riƙe su da hattara. Kamfanin ya ce rokar tana iya kai kilo 63,800 zuwa falaki na kusa da duniya, da kilo 26,700 zuwa hanyar falaki mai nisa, da kilo 16,800 zuwa Mars. Lissafin ƙarfi ne na gaskiya, amma har ƙarshen 2024 ba ta taɓa ɗaukar abin da ya kusanci tan 63 ba, domin kwanson da yake rufe kaya irin na Falcon 9 ne, faɗinsa mita 5.2, tsawonsa wajen mita 13, kuma kaya sukan cika shi tun nauyinsu bai kai ko'ina ba. Babbar mota ce mai ƙaramin bodi. Amfaninta na ainihi shi ne jefa matsakaicin kaya zuwa wuri mai nisa da gudu mai yawa, kuma da wannan ya kamata a tallata ta.

Haka nan batun sake amfani da ganguna rabinsa ne ya tabbata. Gangunan gefe sun yi rawar gani, har akwai biyu da suka yi tashi biyar kafin a sadaukar da su a tashi na shida, wato aikin Europa Clipper. Gangar tsakiya kuwa ba a taɓa dawo da ita gida lafiya ba: ta farko ta faɗa teku, ta Arabsat ta sauka a kan jirgin ruwa amma igiyar ruwa ta kayar da ita a hanyar dawowa, ta uku ta kuskure wurin sauka saboda zafin da gudunta ya jawo mata. Tun daga nan kamfanin ya daina ƙoƙarin, yana barin ta ta ƙone manta duka. An kuma jingine wasu alkawuran farko, kamar tsarin da gangunan gefe za su riƙa shayar da ta tsakiya mai a cikin tafiya, da shirin da aka sanar a 2017 na kewaya wata da fasinjoji biyu. Falcon Heavy ba ta ɗaukar mutane, kuma kamfanin ya bayyana tun 2018 cewa ba zai nema mata wannan izini ba.

Wani abin da ya rage mata kasuwa daga cikin gida ya fito. A shekarun da aka yi ana jiranta, Falcon 9 ta ƙara ƙarfi har ta kai tan 22.8 zuwa falaki na kusa, ta kwashe kayan da aka yi wa babbar yayarta tanadi. Wannan, tare da jinkirin masu kaya wajen kammala taurarinsu, shi ya sa ba ta tashi ko sau ɗaya ba daga Yunin 2019 zuwa Nuwamban 2022. Ƙasar da take da tauraron sadarwa mai nauyin wajen tan 5, irin NigComSat-1R na Najeriya wanda rokar Sin ta harba a watan Disamban 2011, ba ta da dalilin biyan kuɗin ganguna uku, domin ganga ɗaya ta wadatar. Masu buƙatarta na gaskiya su ne hukumomin tsaro, da masu binciken duniyoyi, da kamfanonin da taurarinsu suka yi nauyi ƙwarai ko suke so a kai su har wurin zamansu domin su adana mansu su ƙara shekarun aiki.

Kambun rokar da ta fi kowace ƙarfi a cikin masu aiki ya bar hannunta a watan Nuwamban 2022 lokacin da SLS ta tashi, kuma yanzu akwai rokar Vulcan da ta fara tashi a Janairun 2024, da New Glenn ta kamfanin Blue Origin da ta fara a Janairun 2025 da kwanson kaya mai faɗin mita 7, wanda ya taɓa daidai inda Falcon Heavy take da rauni. SpaceX ma ya karkata dukiyarsa da injiniyoyinsa zuwa sabuwar rokarsa Starship mai injuna 33 a hawanta na farko, wadda ake nufin ta gaje ta. Amma mai kayan da ba shi da na biyu ba ya saurin hawa sabuwar mota, kuma NASA ta nuna haka a watan Nuwamban 2024, lokacin da ta zaɓi Falcon Heavy, a kan kuɗi wajen dala miliyan 256, domin ta harba Dragonfly a 2028, wani jirgi mai farfela da yake samun wuta daga makamashin nukiliya, wanda zai yi shawagi a Titan, babban watan duniyar Satun.