Hattara da Mai Sayar da Gidan Harsashin Bogi da Sunan Yaƙin Bama

Wannan gargaɗi na rubuta shi ne domin 'yan'uwa mazauna Ingila da Amurka masu tara kayan tarihin soja, musamman waɗanda kakanninsu suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama (Burma, wato Myanmar ta yau), a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma. Akwai wani mutum da ke tallata gidan harsashin bindigar Lee-Enfield ta sojojin Birtaniya a intanet, yana rantsuwa cewa sojojinmu ne suka riƙe shi a dazukan Arakan, alhali kuwa zamba ce tsagwaronta, kuma ni kaina na faɗa tarkonsa.

Abin da nake nema shi ne gidan harsashin samfurin No. 4, in ajiye shi a akwatin gilashi kusa da lambar yabo ta Tauraron Bama da kakana ya bar mana. Hoton da mutumin ya aiko mini na gidan harsashi na gaske ne, an ɗora ƙarfen a kan wani koren ƙyalle, ga tambarin kibiya na gwamnatin Birtaniya a jikinsa. Ya nemi in biya ta hanyar da ake tura wa dangi kuɗi, wadda ba ta da kariya ga mai saye, ni kuma zumuɗi ya rufe mini ido na biya. Da kunshin ya iso na kai shi wurin wani dattijo mai lasisin cinikin tsofaffin bindigogi, wanda ko juya shi bai gama yi ba ya ce mini wannan ƙarfe bai taɓa ganin yaƙin ba. Gindinsa a miƙe yake kamar akwati, ba a karkace ba, domin na bindigar Ishapore 2A ne ta Indiya, wadda aka soma ƙerawa a 1963 don harsashi mai awon 7.62, kusan shekara ashirin bayan an gama yaƙin.

Dattijon nan ya koya mini abin da ya kamata in sani tun farko. Lee-Enfield bindiga ce mai sakata, tana ɗaukar harsashi 10 mai awon .303, kuma samfura biyu ne suka fi yawa: No. 1 Mk III da aka amince da ita a 1907, da No. 4 da ta bazu daga 1941. A ido gidajen harsashinsu kamar an tsaga kara, amma tsagin da ke gefen na No. 1 yana sauka har gindi, na No. 4 kuwa yana tsayawa kafin ya kai ƙasa, sannan maƙalin da ke bayansu ma ya bambanta. Ƙaramar bindigar nan ta No. 5, wadda aka ƙera daga 1944 zuwa 1947, irin na No. 4 take amfani da shi. Tambarin masana'anta shi ma shaida ne: S na kamfanin Savage ne a Amurka, LB na Long Branch ne a Kanada, F kuwa na Fazakerley ne a Liverpool.

Inda damfarar ta fi zurfi shi ne batun lamba. Ko da yake gidan harsashin Lee-Enfield yana ciruwa, ba a yi shi don a riƙa musanya shi ba; soja yana loda bindigar ne ta sama, biyar-biyar, kuma kowane gida ana daidaita leɓɓansa da bindigarsa. Saboda haka a wasu akan buga lambar bindigar a gindin, kuma masu tara kaya suna biyan kuɗi mai tsoka idan lambobin suka dace. Wannan mutum yakan tambayi mai saye lambar bindigarsa, bayan kwana biyu sai ya dawo yana murna wai ya yi dace da gidan da ya ɓata. Wani ɗan'uwa da ya saya ya nuna mini nasa, kuma da muka haska fitila a karkace sai muka ga wurin ya lotsa inda aka goge tsohuwar lamba da magagari, baƙin fentin ya fi na sauran jikin sheƙi, kuma cikin sababbin lambobin fes yake, babu tsatsa babu dauɗar shekara tamanin.

Haka kuma yana tallata gidan harsashi mai ciruwa wai na bindigar Mauser K98k ta Jamus da na Mosin-Nagant ta Rasha, alhali waɗannan bindigogi yadda aka raba su ga sojoji gidansu a jiki yake, mai ɗaukar harsashi 5. Wanda ya san sana'ar ba zai yi wannan katoɓara ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake cin kasuwa da sunan kakanninmu. Tambarin masana'anta yana nuna inda aka ƙera ƙarfe, ba ya nuna wanda ya rataya shi a fagen daga na kwarin Kaladan ko na Myohaung a Bama, don haka duk wanda ya jingina kaya ga wata runduna sai ya kawo takarda. Ga 'yan'uwa da ke Najeriya kuma, yana yi musu alkawarin aikowa ta jirgi, alhali dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja cikin haramtattu, don haka mai saye yana iya asarar kuɗinsa ya kuma jawo wa kansa shari'a.

Na kai ƙararsa ga bankina da kuma hukuma, kuma tun daga lokacin ya sauya suna sau biyu. Hotunan dai bai sauya su ba: koren ƙyallen nan ne, da ɗan ƙonewar sigari a kusurwarsa ta hagu.