Wasiƙa daga Hambug: ina Turawa ke kai sharar su?

Yaya, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da iyali, da Inna, da Bappa da mutanen gidansa. Saƙonka na murya ya same ni ina hanyar dawowa daga aiki, wanda ka ce ruwan daren Laraba ya sake toshe kwatar ƙofar gida, da safe kai da yara kuka kwashi leda cike da buhu uku kafin ruwa ya samu hanya. A ƙarshe ka tambaye ni wai su Turawa ina suke kai tasu sharar. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka, in ka ga dama ka tura wa 'yan unguwa.

Bari in fara da gora, don ita ce ta fara ba ni mamaki. A nan Jamus kusan duk lemon gwangwani ko ruwan gorar roba da ka saya, akwai santi 25, wato kwatan yuro, da ake ɗora maka a kan kuɗinsa. Ba haraji ba ne, ajiya ce, suna kiranta Pfand, kuma tun 2003 doka ta wajabta ta. In ka shanye sai ka adana gorar, kada ka matse ta, kada ka ɓare takardar jikinta. Ranar cefane ka kwashi abinka zuwa kanti, ko Aldi ko Lidl ko Rewe, a bakin ƙofa akwai inji mai rami kamar bakin tulu. Ka zura gora, ta juya a ciki, injin ya karanta alamar da ke jikinta, ka ji ƙarar murƙushewa, lamba ta ƙaru a allo. In ka gama ka danna maɓalli, rasit ya fito, a rage maka a kuɗin cefane ko a ba ka kuɗinka a hannu. Kwalbar gilashi da ake wankewa a sake cikawa tata ajiyar ba ta kai haka ba, santi 8 ce ko 15. Gora huɗu yuro guda ke nan, ka lissafa da canjin yau ka gani.

Akwai wani dattijo da nake haɗuwa da shi kusan kullum a tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu, da 'yar tocila da babbar jaka, yana leƙa kwandunan shara. Mutanen gari sun san da irinsa, saboda haka wanda ya sha lemo a hanya bai son ɗaukar gora, sai ya ajiye ta a gindin kwandon maimakon ya jefa ciki, don kada mai tsinta ya sa hannu cikin ƙazanta. Wannan ɗabi'ar ta burge ni ƙwarai. Ranar da na fara lura da ita kuma sai na tuna 'yan gwangwan da ke zagaya Jekadafari da Bolari da kura. Yaya, ka taɓa ganin guntun ƙarfe ko tsohuwar tukunyar dalma ta kwana a bola a Gombe? Ba ta kwana. Gorar roba ma yara na tsince ta su kai wa masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa. Abin da ke cika mana kwata shi ne wanda babu mai saye: baƙar leda da ledar fiya wata. To abin da Jamusawa suka yi ke nan, ba wai sun fi mu son tsafta a jini ba, sun sa wa gora kuɗi ne, sai ta daina zama shara.

Ledar cefane kuwa, tun 1 ga Janairun 2022 aka hana kantuna ba da ita, sai 'yar siririyar da ake zuba tumatir ko 'ya'yan itace. In ka je babu jaka, ko ka sayi ta takarda ko ta yadi, ko ka rungumi kayanka a ƙirji. Ni yanzu jakar yadi biyu ce ba ta rabuwa da aljihun rigar sanyina. Kuma wannan ba sai ƙasar Turai ba, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Amma duk lokacin da na fito da jakar nan a kanti, Inna nake tunawa da kwandonta na kaba, da yadda ake aikenmu sayen waina da kwano mai murfi, ƙosai a takarda, man gyaɗa a kwalbar da ta shekara a gidan. Yau yaro zai sayo maggi na naira hamsin a ƙulla masa a leda, a saka ledar a wata leda. Koko mai zafi ma a leda. Mu da kanmu muka ajiye kwandon muka ce ƙauyanci ne.

Kada ka ɗauka komai na nan abin yabo ne. Ka shiga kanti za ka ga kokwamba guda an naɗe ta da roba, nama a faranti na roba, biskit kowane ɗaya da rigarsa. Ni kaɗai a ɗakina, robar da nake tarawa a mako ta fi wadda gidanmu gaba ɗaya ke tarawa lokacin muna yara. Mai tumatir a tsohuwar kasuwar Gombe da ke kasa kayansa a faifai, ka miƙa masa kwando ya juye maka, ya fi kantin nan sauƙin ɓarna nesa ba kusa ba. Su sun iya kwashewa ne, amma wajen tara shara sun fi mu.

Kwashewar kuma aiki ce da kowa ke da rabonsa. A bayan gidan da nake haya akwai manyan durom na shara iri huɗu. Mai ruwan ɗorawa na robobi da gwangwanaye ne, shuɗi na takarda da kwali, kore na ɓawon kayan miya da ragowar abinci (a wasu garuruwa ruwan ƙasa ne), baƙi kuma na abin da ya rage. Gilashi ana kai shi wasu akwatuna a bakin titi, fari daban, kore daban, ruwan ƙasa daban, kuma ba a jefawa da dare ko ranar Lahadi saboda ƙara. Batiri ba ya shiga ko ɗaya, kanti ake mayar da shi. A watana na farko na ƙulle ɓawon dankali da albasa a leda na jefa a koren durom. Washegari wata tsohuwa maƙwabciyata ta tare ni a matakala, ta kai ni har wurin, ta buɗe murfin ta nuna mini ledar, ta ce wannan taki za a yi da shi, gona za shi. Ba ta yi faɗa ba. Na sa hannu na ciro, na juye ɓawon, na mayar da ledar inda ta dace.

Maganar tata ta zauna mini, don na san abin da take nufi fiye da yadda take zato. Ka tuna da rani yadda Bappa ke sa a kwashi bolar bayan gida, toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, a kai gona a zuba tsibi-tsibi kafin ruwan farko? Takin gargajiya ke nan, kyauta. Yanzu wannan bolar rabinta leda ce, in aka baza ta a gona sai iska ta rataye ta a kara, wadda ta nutse kuma ta hana ruwa shiga ƙasa. Awaki da shanu na haɗiye ta, ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbi. Ga tsadar takin zamani kuma. In da kowane gida zai ware buhu guda a rataye a bango don leda kaɗai, ragowar bolar ta koma taki mai kyau kamar da. Ba a bukatar durom mai launi kafin a yi wannan.

Inda Gombe ta yi wa Hambug fintinkau shi ne gyara. Takalmina ya ɓare a ƙasa, na kai wa wani mai gyara, kuɗin da ya faɗa mini ya kusa kuɗin sabo. Wayata ta fashe a fuska, labarin ɗaya ne. Ba zalunci ba ne, ladan aikin hannu ne ke da tsada a nan, ga hayar shago ga haraji. Sakamakon haka mutum sai ya jefar da abin da ƙusa biyu za su gyara. Har ta kai masu kishin abin sun ƙirƙiro wani zama da suke kira Repair Café, wanda aka fara a Amsterdam a 2009: 'yan sa-kai, yawanci tsofaffin da suka yi ritaya, su zauna da kayan aiki a wani zaure, ka kawo rediyonka ko dutsen guga su taya ka gyarawa kyauta. Na je sau ɗaya da tukunyar dafa ruwa ta lantarki. Wani tsoho ya buɗe ta, ya kankare wata 'yar waya da ta ƙone, ya ɗaure, ta kama aiki, mutanen wurin har da tafi. Ni kuwa ina tsaye ina tuna layin masu gyaran waya da rediyo a kasuwarmu, da shumeka mai yawo yana buga akwatinsa, da mai facin bokiti da wuta, da tela mai keke a kafaɗa, da maƙeran da ke narka gwangwani su zuba tukunya. Abin da ake tafa wa a nan, sana'ar yau da kullum ce a wurinmu. Ina roƙonka, in fanka ta lalace kada ka bar yara su ce a sayi sabuwa, a kai wa mai naɗin koyil. Mutanen nan arziki ne a gari, kuma ba ma biyansu yadda ya kamata.

Wani abu kuma da nake gani da idona. Hambug gari ne mai babbar tashar jiragen ruwa a kan kogin Elbe, kuma daga nan ake loda tsoffin motoci da firij da talabijin zuwa Legas da sauran tashoshin Afirka ta Yamma. Tufafin da mutane ke jefawa a akwatunan bakin titi, wani kaso daga cikinsu shi ke zama dilar gwanjo. Ban ce gwanjo aibi ba ne, da shi muka girma, kuma rigar da aka sake sawa ta fi wadda aka ƙone. Amma tsohon firij ɗin da Bature ya fitar saboda shan wuta, in ya iso gidanka wutarka zai sha, in ya mutu kuma a bolarka zai ƙare. Kafin ka sayi wanda ka ce kana nema wa Inna, ka duba wutar da yake ja, musamman tunda kana tunanin sola.

Ruwa kuwa, famfo ba ya ɗaukewa, kuma shi muke sha kai-tsaye. Gorar ƙarfe guda nake cikawa in tafi aiki, ban san rabon da in sayi ruwa ba. Wannan kam ni'ima ce da nake yi wa Gombe fatanta, ga madatsar Dadin Kowa kusa da mu amma unguwanni da yawa sai 'yan ga-ruwa. Sai dai ruwan nan ba kyauta ba ne. Akwai mita, kuma sau ɗaya a shekara mai gida ke aiko da lissafin ruwa da ɗumama ɗaki, in ka wuce abin da kake biya duk wata sai ka cika. Lokacin sanyin 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya sa iskar gas ta yi tsada, lissafin da ya zo mini ya girgiza ni. Tun daga nan na koma sa rigar sanyi a ɗaki in rage hita, in buɗe taga gaba ɗaya na 'yan mintuna in rufe maimakon in bar ta a sage duk yini, kamar yadda maƙwabta suka koya mini. Alwala kuma na dawo da buta. Na gwada na tara ruwan da ke zuba in na buɗe famfo ina alwala, ya cika buta har sau uku, alhali mun karanta a makarantar Islamiyya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala. Wanda ke sayen jarka a kura bai bukatar a koya masa wannan, mu da famfo ya sangarta ne ke mantuwa.

Sufuri ba zan tsawaita ba. Tun Mayun 2023 akwai tikitin wata guda da ke ba ka damar shiga bas da jiragen ƙasa na kusa a duk faɗin ƙasar, ya fara da yuro 49, a Janairun 2025 ya koma 58. Da shi da tsohon keke nake harkokina, ban da mota. A nan likita da malamin jami'a na tuka keke zuwa aiki ba wanda ya kalle su. A watan nan na Mayun 2023 ne aka cire tallafin fetur a gida, na san yadda kuɗin Keke Napep ya koma, don haka in babban ɗanka ya ce yana jin kunyar zuwa makaranta a keke, ka nuna masa wannan layin.

Kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, dole ka yi lissafin cefanenka tun Asabar. Hakan ya sa na koma ɗumame sosai. Tuwon semo da ya kwana, in ɗumama shi da miyar kukar da ka aiko, ya fi mini duk burodin da ke garin nan.

Ka ce kwarin bayan unguwa ya ƙara cin ƙasa a daminar bana. Na san gwamnati ta fara shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green tun 2019, amma dashe sai da ban ruwa da kariya daga awaki. Darbejiyar nan biyu da muka dasa a ƙofar gida kafin in taho, suna nan? Ka sa yara su riƙa juye musu ruwan alwala da na wanke shinkafa. Zan turo ɗan abin da za a saya wa Inna sabuwar randa da moɗa, a rage sayen fiya wata a gidan, ragowar kuma a ɗinka jakunkunan yadi ko guda biyar wajen telan bakin masallaci, a rataye su kusa da ƙofa inda mai fita cefane zai gani. Ka kuma tambayar mini 'yan gwangwan ɗin unguwa ko suna karɓar ledar fiya wata a kilo in an tara ta da yawa ta bushe, ka faɗa mini abin da suka ce.

A gaida Inna da kyau, a ce mata kuka ta kusa ƙarewa. Ka ɗauko mini hoton itatuwan in ka samu sarari.

Ƙaninka.