Quest ko kwalin waya: wanne ya dace da ma'aikatan lafiyar Gombe?

Masu son koyar da aikin jinya da tabaran da ke jefa mutum cikin ɗakin tiyata na kwamfuta suna da zaɓuɓɓuka; ga biyu daga ciki.

Na farko Meta Quest 2, wanda ya fito a 2020. Yana bin motsin kai da na hannu, don haka ɗalibi zai sunkuya, ya ɗauki almakashi, ya kuskure, ya sake, ba tare da an taɓa majinyaci ba. Sai dai da dala aka riƙa sayensa kafin kamfanin Meta ya daina sayar da shi a 2024, batirinsa kuma awa biyu zuwa uku ne. In ba wuta, aji ya tashi. Wannan sai babban wuri irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a ajiye 'yan kaɗan ana karɓa-karɓa.

Na biyu Google Cardboard na 2014: kwali ne da gilasai biyu, ka zura wayarka. Kallo kawai ake yi, wayar ma takan ɗau zafi. Amma ungozoma a Dukku ko Kaltungo za ta sauke bidiyo sau ɗaya, ta riƙa maimaitawa ba intanet. Don haddace matakan aiki, kwalin ya wadatar. Gogewar hannu kuwa, a ganina, ko Quest ɗin bai kamo mutum-mutumin roba da ɗalibai ke gwaji a kansa ba.