Wata Shida Ina Sayen Kayan Miya A Bakin Gona

Wata shida ke nan da na daina sayen tumatir da ƙwai da ganye a kanti, na koma wajen wani ƙaramin manomi da ke aiki shi da iyalinsa. Gonar ba ta kai hekta biyu ba. Duk Asabar nake zuwa da kwandona, abin da ya nuna a makon shi nake ɗauka.

Tumatirin ne ya fara saye ni. Ranar da na yanka na farko, ruwansa ya gangaro har tsintsiyar hannuna, ƙamshin ganyensa kuma ya ƙi barin yatsuna. Na tambayi manomin sirrin abin, ya yi dariya ya ce, "Ba wani sirri, Hajiya, a jikin uwarsa ya nuna." Wanda za a yi doguwar tafiya da shi tun yana ɗanye ake tsinke shi don kada ya fashe a mota, sai ya yi ja a hanya, ko a hura masa iskar etilin, mai sa kayan lambu su nuna, a ɗakin ajiya. Launin yana zuwa, ɗanɗanon ne ba ya cika. Haka ɗanyar masara: daga lokacin da aka karya ta zaƙinta yake fara komawa sitaci, shi ya sa wadda na dafa ranar da aka cire ta sha bamban da wadda ta kwana uku.

Ƙwan ma na gwada, don ni ba na yarda da abu sai na gani. Na tsoma shi a kofin ruwa, ya nutse ya kwanta. Tsohon ƙwai tasowa yake yi, saboda iskar da ke taruwa a cikinsa.

Batun araha kuwa, kada a ruɗe ku. Wani makon ya fi kanti sauƙi, wani makon ya fi shi tsada. Abin da na lura shi ne na rage zubar da kaya, alayyafon da ke yanƙwanewa a kwana biyu yanzu yana kai ni ƙarshen mako. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta ne tsakanin girbi da isa wajen masu sayarwa. Ni wannan tsakanin na tsallake, kuɗina kuma yana shiga hannun wanda ya yi noman ba tare da dillali ya gutsura ba.

Akwai wahala. Ruwan sama ya taɓa lalata masa latas, na dawo da rabin kwando. Na taɓa ɓare kabeji na iske tsutsa ta riga ni. Abin da ba lokacinsa ba, sai haƙuri.

Kuma ƙanƙantar gona ba ta nufin ba a feshi, wannan kuskuren na daɗe ina yi. Da na tambaye shi kai tsaye, bai ɓoye min ba. Ya ɗauko kwalbar maganin ya nuna min inda aka rubuta kwanakin da za a jira kafin girbi, ya ce layin barkonon can shekaranjiya ya fesa, kada in taɓa shi sai mako mai zuwa. Na bar barkonon, na ɗauki karas.